Ƙusoshin Bargar Abu Rashid

Ranar Juma'ar nan da muka zauna a bakin Corniche, gaɓar tekun Doha, da ku ɗalibai, ɗayanku, wanda ba zan ambaci sunansa ba tunda ya san kansa, ya dube ni ya ce, "Baba Isa, ai ku kafintoci kun huta. Katako ne da ƙusa, sauran inji ya yi." Ya faɗi haka yana kurɓar shayinsa hankali kwance. Ban tanka masa a wurin ba, don da na buɗe baki da sai an taru a kanmu. Na ce bari in zauna in rubuta muku, tunda karatu ne sana'arku.

A Jos na koyi aikin nan, wurin maigidana Malam Tanko, Allah ya jiƙansa. Shi ake kira idan wata tsohuwar bargar dawaki a gonakin da Turawa suka bari ta fara karkata. Shekarata ta farko ko zarto bai bar ni na taɓa ba. Gizago ya ba ni da wuƙa da tulin guntayen itace, ya ce in feƙe ƙusoshi. Ƙusar itace nake nufi, mai tsawon taƙi da kaurin babban yatsa. In na feƙa na kai masa, sai ya ƙwanƙwasa ta a jikin guduma ya saurara, ya wurgar. "Ɗanya ce," in ji shi. "Kunnenka na ado ne?" Sai da na iya rarrabe busasshen itace da ɗanye da kunne kawai sannan ya yarda na riƙe masa bakin gungume.

Ga abin da ba ku sani ba. A irin wannan gini ba a haɗa ginshiƙi da gungumen da ke kwance a kansa da ƙarfe. Ana fitar wa ɗaya harshe, a fafe wa ɗayan baki, a zura. Sannan a huda su, amma hudar harshen a ɗan gautar da ita da gangan. Idan ka buga ƙusar itace, sai ta ɗan lanƙwasa tana shiga, ta jawo itatuwan biyu su matse juna. Doki ya yi harbi, ya jingina da ginshiƙi yana susa, ginin ya ɗan motsa ya koma mazauninsa. Ƙusar ƙarfe kuwa tsatsa take yi ta kumbura ta tsaga itacen daga ciki, balle a garin da iskarsa ke ɗauke da gishiri, ga kuma fitsarin doki. Kuma ƙusar itace in ta shekara da shekaru a raminta, ta riga ta ɗauki lanƙwasar wannan ramin. In ka sa ta a wani, ba za ta riƙe ba.

Farkon shekarun dubu biyu na zo Doha. Kafil ɗina, wato ubangidan da ya tsaya mini a takardun zama, yana da ɗan shagon kafinta, muna yin ƙofofi da tagogi. Ba a daɗe ba garin ya shiga haukan gini. Ko'ina ka duba katafila ce ke ture tsohon gida, ƙofofin da aka sassaƙa da hannu suna tafiya juji a bayan tifa. Masu kawo mana aiki suka koma alminiyam. Wata da watanni ba abin da nake yi sai haɗa kabad na garin katakon nan da ake matsewa da gam, wanda in ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura kamar burodi. Ni da na yi wa Malam Tanko bauta, na koma mai ɗaure noti. Ita ce shekarar da na fi tsana a duk zamana, kuma a cikinta aikin Abu Rashid ya zo.

Abu Rashid dattijo ne mai gona a bayan gari, ciwon suga ya cinye masa ido. Sabuwar hanya za ta bi ta tsakiyar gonar, don haka iyalin za su kwashe dawakinsu zuwa wata gonarsu a arewa. Ɗansa Rashid ya riga ya zaɓi rumfar ƙarfe mai na'urar sanyi. Tsohon ya ce shi bargar mahaifinsa yake so a ɗauka a kai can. Kafil ɗina ya san na taɓa irin aikin, sai ya tura ni in duba.

Da na shiga bargar sai da na tuɓe hulata na sake sawa. A ƙasar da babu daji, ginshiƙanta na saj ne, itacen Indiya da ake ƙera jiragen ruwa da shi. Wani maƙerin jirgi ne ya gina ta da gumagumen jirgin kakan Rashid bayan jirgin ya tsufa. Rufinta sandunan da ake kawowa daga gaɓar gabashin Afirka ne, da gora da tabarma a kai, kusan yadda muke jera azara a gida. Na bi haɗi ɗaya bayan ɗaya, ban ga ƙarfe ko ɗaya ba.

Tsohon ne ya zagaya da ni, ba tare da kowa ya riƙe shi ba. Da hannu yake gani. Ya nuna mini inda wani ingarma ya gwigwiyi komi, da inda ya buga goshi yana yaro. A bakin ƙofa, daidai kafaɗa, akwai wata ƙusar itace da ta fi sauran kauri, an bar ta ta fito waje da kusan kamu guda. Ta yi baƙi, ta yi sulɓi. Hannunsa ya tafi kanta kai tsaye.

"Nan babana yake rataye ragama," ya ce da Larabcinsa a hankali don in gane. "Ni ma nan nake ratayewa. In na taɓa wannan na san ina gida."

Rashid ba mugun yaro ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. A gaban mahaifinsa ya gindaya mini sharaɗi. In barga ta tsaya a sabuwar gona kafin zafi ya shigo, dawaki za su shiga cikinta. In ba ta tsaya ba, ba zai bar dabbobi a rana ba, rumfar ƙarfe za ta zo. Itacen kuma akwai wani mai gidan abinci da ke so ya manna a bango don ado. A manna a bango! Ginin da ya riƙe dawaki tun kafin a haifi uban mai gidan abincin, a yayyanka shi a kafa a bayan masu cin shinkafa. Na ce masa in sha Allahu za ta tsaya.

Warware irin wannan gini ya fi ɗaga shi wuya. Ni da abokan aikina biyu 'yan Indiya muka fara daga rufi. Kowane itace kafin ya sauka sai na sare masa alama a wurin da ido ba ya kaiwa, in yi wa abokin haɗinsa irinta. Ƙusoshin kuwa ban bar kowa ya taɓa ba. Da kaina nake turo kowace daga baya a hankali, in zana mata alamar raminta, in ɗaure 'yan haɗi ɗaya da zare. Na zuba su a buhun shinkafa, ta bakin ƙofar a can sama. Gumagumen suka tafi arewa a tirela. Buhun na ce ba zai kwana a gona ba, inda leburorin hanya za su iya ɗaukarsa shara. Na kai shi gidan da nake haya a unguwar Mesaimeer, na tura shi ƙarƙashin bene, wai don ya fi tsira.

Gidan nan mu da yawa ne, akasari 'yan Zango daga Kumasi, direbobi da masu gadi. Mai girkinmu Awudu ne, direban tankar ruwa, ƙato mai dariya, wanda ba ya iya ganin mutum da yunwa. Shi ne mutumin da ya ɗauko turmi da taɓarya tun daga Ghana, ya ce a filin jirgi sai da aka tambaye shi ko makami ne. Duk Juma'a sai ya daka mana fufu.

A shekarun nan Babbar Sallah cikin sanyi take faɗowa. Mun haɗa hannu mun yi layya, aka yanka a mahauta aka kawo naman har da kai da ƙafa. Ni bayan Idi na wuce gaida Abu Rashid. Da na dawo, tun daga bakin layi na ji ƙaurin babbaka, har na yi murmushi, don rabona da wannan ƙamshi tun gida. Na tura ƙofa. Ga mutanen gidan sun kewaye wuta a tsakar gida, an jera bulo, kan rago a sama.

"Masta, barka da Sallah!" in ji Awudu. "Zo ka ga ikon Allah. Mun samu itace a Doha!"

"Ina kuka samu?"

"Ƙarƙashin bene. Wani ya tara guntaye a buhu, busassu ƙayau. Wallahi ko kananzir ba mu sa ba. Ka san gas ba ya babbaka kai yadda ya kamata."

Ban san lokacin da na yi fatali da bulon ba. Kan ragon ya gangara cikin ƙasa. Na sa hannu cikin wutar ina tono, suna riƙe ni ina fizgewa. Abin da na tsamo bai cika tafin hannu ba, shi ma rabi gawayi. Ta bakin ƙofar na gane ta da kaurinta, ita suka sa a tsakiya don ta fi ci. Buhun yana gefe, an ninke shi da kyau an ɗora wuƙa a kai.

Abin da na faɗa wa Awudu a ranar ba zan rubuta ba, ranar Sallah ce kuma na nemi gafarar Allah. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsarsa. "Haba Masta, 'yan sanduna ne fa. Gobe in kawo maka katako cike da mota." Kun ji? Daidai maganar ɗan'uwanku ta bakin Corniche. Naman nan ban ci ba, kuma na daina amsa gaisuwarsa.

Da na gaya wa Rashid, sai ya ɗaga kafaɗa. "Khalas, shi ke nan, ya Isa. Sa noti, ka rufe kansu da itace. Wa zai sani?"

Na ce, "Itacen zai sani. Kafin yaranka su girma ya tsage."

"To yalla, maza yi yadda za ka yi, amma zafi ba zai jira ka ba. Kuma kada babana ya ji."

Na ce masa ko ban faɗa ba, hannunsa zai ji.

Na san abin da za ku ce: ka feƙe sababbi mana. Da wane itace? Na zaga masu sayar da katako kaf, farin katako ne mai laushi wanda farce ke shiga, ko ja wanda bai gama bushewa ba. Ɗanyar ƙusa in ta bushe a rami ƙanƙancewa take yi, haɗin ya saki, ranar da doki ya jingina gini ya biyo shi. Na ga kurna a garin nan, wadda 'yan ƙasar suke ji da ita, amma ba a sara, kuma ko an sara sai ta shekara kafin ta yi amfani. A ƙarshe wani tsohon mai gyaran jiragen katako, irin waɗanda kuke ɗaukar hoto a gabansu, ya bar ni na tsinci guntayen tsohon saj a bayan rumfarsa. Da su na feƙe ƙananan, kowace na gwada ta da raminta, in cire in rage in sake gwadawa.

Saura manyan haɗe-haɗen tsakiya, waɗanda ke ɗauke da nauyin rufi, da na bakin ƙofa. Su doguwar ƙusa suke so, mai taurin da za ta lanƙwasa ba ta karye ba. Guntayen jirgin sun sha gishiri, tsawonsu bai kai ba, wanda ya kai kuma ina bugawa sai in ji ƙas. Barga tana tsaye rabi, an tokare ta da sanduna da igiya. Zafi ya kusa, a gari har an fara kunna na'urar sanyi da rana. Rashid ya zo da mutanen rumfar ƙarfe suka auna fili a gefena, ina kallo.

Wata Juma'a ina kwance a ɗaki, hannuna da ya ƙone yana zugi, sai na ji Awudu ya fara daka a ƙasa. Na sha jin dakan nan, amma ban taɓa saurarensa da kunnen Malam Tanko ba sai ranar. Na sauko ba takalmi. Na riƙe taɓaryar tana sama.

"Ba ni in gani."

Ya sake mini, yana mamakin na yi masa magana. Na ƙwanƙwasa ta da zoben hannuna. Ƙirya ce, irin ta dazukanmu na gida, ta bushe tun kafin a haife shi, ba tsaga ko ɗaya. Tsakiyarta inda ake riƙewa ta sirance, ta yi baƙi, ta yi sulɓi.

Na ce, "Awudu, wannan nake so."

Ya yi dariya, sai ya ga ba wasa nake ba. "Masta, ta uwata ce. Da ita ta ciyar da mu. Da ta rasu ita kaɗai na ɗauka a ɗakinta."

"Waɗanda ka babbaka kan rago da su na uban wani ne."

Ya karɓe abarsa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Fufun ranar ba a ƙarasa shi ba. Mutanen gida suka ce na cika tsanani, wasu suka ce in ji tsoron Allah. Na ce su da suka kewaye wutar suna fifita ai sai su yi shiru.

Bayan kwana biyu ina sabuwar gona ina ta fama, sai ga tankar ruwa ta shigo, alhali ba mu yi odar ruwa ba. Awudu ya sauko. Ya zagaya bargar, ya ɗaga kai ya dubi ramukan da ke jiran ƙusa, ya dubi komin da doki ya gwigwiya. Ya daɗe. Sannan ya koma mota ya fito da taɓaryar a naɗe cikin zani.

"Ka yanka," ya ce. "Amma bari in fita tukuna."

Ya tsaya a bayan tankarsa har na gama da zarto. Kawunan biyu masu kauri na faskara su bisa tsawon jijiyar itacen, na fitar da dogayen ƙusoshi. Ƙirya ta ci mini kaifin gizago, amma da na buga ta farko na ji ta shiga tana kuka, ginshiƙi da gungume suka matse har ƙura ta zubo. Tsakiyar taɓaryar ban sa mata wuƙa ba, sai ƙarshenta da zai shiga rami. Ita na buga a bakin ƙofa, na bar kamu guda a waje. Awudu ne ya riƙe mini tsani har muka kwance igiyoyin, barga ta tsaya da ƙafarta.

Ranar da aka kawo dawaki, Rashid ya kawo mahaifinsa. Na ce wa Awudu ya zo, ya ce ba zai iya ba, sai ga shi ya zo ya raɓe a jikin bango. Tsohon ya sauka daga mota riƙe da ragamar tsohuwar goɗiyarsa. Ya ture hannun ɗansa. Ya shafa ginshiƙin farko, ya sami wurin da ya buga goshi, ya yi dariya. Ya shiga ya bi komi da tafin hannu ya fito. A bakin ƙofa hannunsa ya tashi daidai kafaɗa ya sauka a kan ƙusar, sai ya tsaya.

"Wannan ba ta babana ba ce."

Rashid ya harare ni. Na ce, "Gaskiya ne, ya Abu Rashid. Waccan ta ƙone." Na gaya masa yadda aka yi da guntun Larabcina, har da kan ragon. Bai yi dariya ba, bai kuma saki ƙusar ba. Babban yatsansa yana ta bin sulɓin.

"Sabon itace ba ya haka," ya ce. "Hannu ya daɗe a kan wannan. Hannun wa?"

Na ce na wata mata ne a Kumasi, da itacen take daka wa 'ya'yanta abinci, ta rasu, ga ɗanta nan tsaye.

"Ya sunanta?"

Awudu ya matso daga jikin bango. "Adiza."

Tsohon ya maimaita sunan. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a tare da mahaifinsa, muka shafa. Sannan ya rataye ragamar, ya ce a shigo da goɗiya.

To ga katako da ƙusa, ɗalibai. Har yau in na tuna wutar nan raina ɓaci yake yi, kuma duk wanda ya sake ce mini inji ya yi sauran, a wurin zan ba shi amsa. A gidanmu na Mesaimeer tun daga lokacin fufun gari ake tuƙawa a tukunya, kowa yana ƙorafi, ban da mutum ɗaya, mai taɓaryar. Awudu ya nemi a mayar da shi layin arewa, shi ke kai ruwa gonar yanzu. Masu kula da dawakin sun gaya mini in ya zo ba ya kallon doki ko ɗaya. Yakan sa tiyo a tanki, ya tafi bakin ƙofar barga, ya ɗauke ragamar ya saɓa a kafaɗa, ya kama ƙusar da hannu biyu, ɗaya bisa ɗaya yadda ake riƙe taɓarya, ya tsaya haka har tanki ya cika.